'YAR RIGAR DA HANNATU TA ƊINKA

Karatu: 1 Sama'ila 2:12-21

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa da suke Kawo, da Unguwar Rimi, da Malali, da Badarawa, da Unguwar Dosa, da Kabala, da sauran unguwannin da suke arewa da kogin Kaduna. Allah ya ba mu kunnen jin maganarsa.

Hunturu ya shigo, hazo ya fara rufe gari, manoma sun kai dawa gida sun bar kara a gona. Kowa ya san Kirsimeti ta ƙarato. Wanda ya bi ta Kasuwar Barci a Tudun Wada cikin waɗannan makonni zai tarar keken ɗinki ba ya hutawa, teloli har kwana suke yi a shago. A cikin gidajenmu kuwa lissafi ake ta yi. Nawa ne mudun shinkafa? Nawa ne kaza? Yara nawa za a yi wa sabon kaya? Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 farashin kome ya hau, iyaye da yawa kuma ba sa samun barci saboda biki na yini ɗaya. Waɗansu sun riga sun cinye kuɗin adashi. Waɗansu suna neman mai ba su bashi zuwa Janairu, alhali kuwa a Janairun nan ne kuɗin makaranta yake jiransu.

Don haka yau muna so mu yi tunani a kan tambaya ɗaya. Sa'ad da biki ya wuce, aka wanke tukwane, sabon kaya ya koɗe, me zai rage a zuciyar ƙaramin yaron da yake gidanmu? Za mu nemi amsa wurin wata uwa a cikin Tsohon Alkawari, sunanta Hannatu.

IDI ƊAYA, HALI BIYU

Mun san labarinta. Hannatu matar Elkana ce, mutumin Rama a ƙasar tuddai ta Ifraimu. Ta yi shekaru ba haihuwa, kishiyarta Feninna tana yi mata gori. Ta yi kuka a gaban Ubangiji a Shilo, ta yi wa'adi cewa idan ta sami ɗa za ta ba da shi ga Ubangiji muddin ransa. Allah ya ji ta, ta haifi Sama'ila. Da ta yaye shi sai ta cika wa'adinta, ta kai shi wurin Eli firist, ta koma gida hannu wofi.

Sura ta biyu ta nuna mana irin gidan da yaron nan ya shiga. 'Ya'yan Eli, Hofni da Finehas, firistoci ne amma ba su san Ubangiji ba. Idan mutum ya kawo hadayarsa ana dafa nama, sai baransu ya zo da cokali mai yatsa uku ya caka cikin tukunya, duk abin da ya tsamo ya zama na firist. Wani lokaci ma tun ba a ƙone kitse ba sai su ce a ba su ɗanyen nama, in an ƙi su ƙwace da ƙarfi. A wurinsu idi lokacin cin nama ne da tara rabo.

A tsakiyar wannan mugun labari ne marubucin ya tsaya ya gaya mana wani ƙaramin abu a aya ta 19. Kowace shekara Hannatu takan ɗinka wa ɗanta 'yar riga, ta kawo masa sa'ad da ta zo tare da mijinta miƙa hadaya ta shekara. Aya ɗaya ce tak, mai karatu da sauri zai tsallake ta. Amma Ruhun Allah ya ga ya dace a rubuta ta, ga shi har yau muna karantawa.

Mu tuna cewa a zamanin nan ba kasuwar atamfa, ba tela a bakin hanya. Kakanninmu mata sun san wannan aiki: a yi kaɗi da mazari, a tara zare, a saƙa, sa'an nan a ɗinka. Aikin watanni ne. Ban da haka, yaron ba ya gabanta da za ta gwada shi. Dole ta zauna ta yi tunani, bara kafaɗarsa ta kai nan, bana ya ƙara tsawo, bari in ƙara masa kamu ɗaya. Wato duk shekara tana lissafin girman ɗanta a zuciyarta. Macen da ta roƙi yaron nan da hawaye, ashe za ta riƙe allura tana ɗinka rigarsa ba tare da yi masa addu'a ba?

Shi kuma Sama'ila, yana girma a cikin gidan da manya suke wawason nama, amma sau ɗaya a shekara yana ganin wani irin idi dabam. Yana ganin uwarsa ta iso da ƙurar hanya a ƙafa, ta kwance ƙunshi, ta sa masa abin da hannunta ya yi. Sauran kwanakin shekara rigar tana jikinsa, tana tuna masa ko shi ɗan wane ne, da dalilin da ya sa yake Shilo. Masanan Ibrananci sun lura cewa kalmar da aka kira 'yar rigar nan da ita, ita ce kuma aka kira rigar da Sarki Saul ya kama ta yage a jikin Sama'ila a sura ta 15, lokacin da ya riga ya zama babban annabi. Irin tufar da uwarsa ta fara sa masa, da ita aka san shi har tsufansa.

ALLAH YA SHIRYA IDI DOMIN YARO YA YI TAMBAYA

'Yan'uwa, abin da Hannatu ta yi ya bi hanyar da Allah ya riga ya shimfiɗa wa jama'arsa. Idan muka duba dokokin idi a cikin littattafan Musa za mu ga yaro yana tsakiyarsu. A Fitowa sura 12, sa'ad da Allah ya ba da ka'idar Idin Ƙetarewa, ya ce wata rana yara za su tambayi ma'anar wannan hidima, ya kuma koya wa iyaye amsar da za su bayar. Haka yake a Fitowa 13, da Maimaitawar Shari'a 6. Haka kuma a Joshuwa sura 4, inda aka ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar Kogin Urdun aka kafa su, domin yara su gani su tambaya. Allah ya san halin yaro gama shi ya halicce shi. Yaro ba ya iya zama ya ji doguwar huɗuba, amma in ya ga wani abu da idonsa, ya taɓa shi da hannunsa, sai tambaya ta fito. Idan tambaya ta fito, ƙofar zuciya ta buɗe ke nan.

Misalin da ya fi kowanne shi ne Idin Bukkoki, a Littafin Firistoci sura 23. Daga ran 15 ga wata na bakwai, bayan an tattara amfanin gona, kowane gida zai samo rassan dabino da na waɗansu itatuwa masu ganye, su yi bukka su zauna a ciki kwana 7. Dalilin kuwa an faɗa, domin zuriya masu zuwa su sani Allah ya zaunar da kakanninsu cikin bukkoki sa'ad da ya fito da su daga Masar. A zamanin Nehemiya, bayan an komo daga bauta, jama'a suka ji wannan doka ana karantawa, suka fita kan tuddai suka saro rassa, suka yi bukkoki a kan soraye, da tsakar gidaje, da dandalin ƙofofin birni. Nehemiya sura 8 ta ce tun kwanakin Joshuwa ba a yi irin haka ba, murna kuwa ta yi yawa ƙwarai. Har wa yau Yahudawa suna yin bukkokin nan kowace shekara, yaransu ne kuma suke yi musu ado.

Ku dubi wannan da kyau. Allah bai ce a sayo bukka ba, ya ce a yi ta. Uba yana kafa sanda, uwa tana ɗaure rassa, ƙaramin yaro yana jan ganyen da ya fi shi tsawo. Kafin a gama sai ya ce, "Baba, ga ɗakinmu, don me za mu kwana a waje?" Sai uban ya zaunar da shi ya fara daga Masar.

A gidajenmu fa? Sau da yawa yaro yakan farka ranar Kirsimeti ya tarar an gama kome. An sayo kaya, an dafa abinci, an kore shi daga madafa don kada ya ɓata aiki. Ya sa kaya, ya ci, ya fita yawo. Shekaru da dama iyalai a wannan gari sun saba kai yara filin Gamji a bakin kogi su sha iska, wannan kuwa ba laifi ba ne. Amma idan rabon yaro a cikin biki shi ne karɓa kawai, ya ci ya sa, to, ba tare da mun sani ba muna koya masa idin 'ya'yan Eli. Zai girma yana auna Kirsimeti da yawan naman da ya samu. Shekarar da babu, sai ya ce ba a yi Kirsimeti a gidansu ba.

ABIN DA YAKE HANNUNMU YA ISA

Wata uwa za ta ce, "Ni ban iya ɗinki ba, ba ni kuma da kuɗin sayen kayan ado." Mama, ki kwantar da hankalinki. Ki dubi bikin farko da aka yi wa Ubangijinmu. Luka sura 2 ta gaya mana Maryamu ta naɗe jaririnta da tsummoki ta kwantar da shi a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali domin miƙa shi, hadayar da aka ambata tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tantabaru. In muka koma Littafin Firistoci sura 12 za mu ga wannan hadayar wadda ba ta da halin ɗan rago ce. Ɗan Allah ya shigo gidan da ba su iya sayen rago ba, ba su kuwa ci bashi don su burge kowa ba. Ya girma a gidan masu aikin hannu, har mutanen Nazarat suka san shi da sunan masassaƙi, kamar yadda Markus sura 6 ta nuna.

A shekarar 1223, a wani ƙauye mai suna Girecciyo a ƙasar Italiya, wani bawan Allah da ake kira Faransis na Asisi ya so talakawa su ga talaucin da aka haifi Yesu a ciki. Ya sa aka kawo komi da ciyawa, da sa, da jaki, aka yi sujadar daren Kirsimeti a wurin. Daga nan al'adar shirya siffar wurin haihuwar Yesu ta bazu cikin duniya. Mu a nan ba mu rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Katunan da ake kawo mana daga Turai suna cike da dusar ƙanƙara da itatuwan da yaranmu ba su taɓa gani ba, amma Baitalami ta fi kama da ƙauyukanmu. Akwai makiyaya da suke kwana a fili da garkensu, akwai jaki, akwai baƙin da suka cika gari saboda ƙidaya har masauki ya ƙare.

Aikin hannu kuma ba baƙo ba ne a Kaduna. Ku shiga Panteka ku ga yadda maƙera suke mai da tsohon ƙarfe da gwangwani su zama tukwane, da murhu, da akwati. Abin da wani ya yar, shi wani yake ci da iyalinsa. Da yawa cikinmu da muka yi ƙuruciya a ƙauye mun ƙera mota da kara, mun gina shanu da yumɓu, 'yan mata sun yi 'yar tsana da ƙyalle. Ba wanda ya saya mana. Hikimar nan tana hannunmu har yanzu, yaranmu ne kawai ba mu nuna musu ba, mun bar su da waya da talabijin.

YADDA ZA MU FARA

Bari mu kawo shawara a fili. Tsakanin yau da Kirsimeti, mu ware maraice ɗaya ko biyu a kowane mako, ko da rabin sa'a ne bayan cin tuwo. A shimfiɗa tabarma, a kashe talabijin, a zauna ƙasa daidai da yaron.

A mako na fari a yi bukka da komi. Kara yana ko'ina a wannan lokaci, a gonakin bayan gari, ko a roƙi masu zuwa kasuwar Kawo ran Talata daga ƙauye su riƙo mana. Babba ne zai ɓare karan, gama bayansa yana yanka kamar reza. Yaro kuma a ba shi farin cikin karan mai taushi ya riƙa sossoka tsinke. Sa'ad da ake yi sai a ba shi labarin tafiyar Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami.

A mako na biyu a kwaɓa yumɓu ko jar ƙasa a gina tumaki da makiyaya, a shanya su a inuwa don kada su tsage. Tunkiyar yaro mai shekara 4 za ta fito da ƙafa uku, kai ya fi jiki girma. Kada mu gyara masa, kada mu yi masa dariya. A sa ta a gaba. Sai a ba da labarin mala'ika da makiyaya.

A mako na uku a yanka tauraro daga tsohon kwali, a manna masa takarda mai walƙiya ta cikin kwalin shayi ko ta alewa. In ba gam, ƙaro da aka jiƙa ko ɗan kokon rogo ya isa. A roƙi ƙyallaye wurin tela, a yi wa masanan nan na gabas riguna. Labarinsu yana Matiyu sura 2.

A mako na ƙarshe sai madafa. A wanke wa yaro hannu, a ba shi nasa ɗan curin ƙullin cincin ya murza, uwa tana yankawa, a kuma nisanta shi da mai mai zafi. A bar komin nan wofi har safiyar Kirsimeti. Kowace rana zai tambaya, "Mama, ina jaririn?" Sai ki ce, "Ɗana, muna jira, kamar yadda mutanen Allah suka jira shekaru da yawa." Ran Kirsimeti da safe, kafin a tafi majami'a, a ba ƙaramin cikin gida ɗan jaririn da aka naɗe da ƙyalle ya kwantar da shi da hannunsa, iyali su durƙusa su yi addu'a.

Ba Kirsimeti kaɗai ba. A Lahadin da ke gaban Ista, ekklesiyoyi da yawa sukan riƙe ganyen dabino, yaro yana iya koyon saƙa shi ya zama gicciye. Lokacin godiyar kaka, a bar shi ya yi wa ƙwarya ado ya ɗauki nasa ɗan baiko na gyaɗa ko masara zuwa gaba da kansa. Ranar da ya cika shekara, a tsayar da shi jikin ƙofa a ja layi daidai kansa, a nuna masa na bara, a gode wa Allah wanda ya ƙara masa tsawo. Lissafin da Hannatu take yi ke nan kowace shekara. In an yi masa ƙane ko ƙanwa, a bar shi ya yi wata 'yar kyauta da zai ba jaririn ranar suna, don kada ya ga kamar an ture shi gefe.

Muna da magana da iyaye maza. Kada mu ce wannan aikin mata ne da malaman Makarantar Lahadi. Malamin Makarantar Lahadi yana da yaron sa'a ɗaya a mako, sauran kwanakin namu ne. Aya ta 19 ta ce tare da mijinta Hannatu take zuwa Shilo. Uban da ya ajiye kuɗin cefane ya fita sai dare ya yi rabin aiki ne. Yaro zai manta kuɗin takalmin da aka saya masa, amma da wuya ya manta ranar da babansa ya zauna a tabarma ya ƙera masa jaki da kara.

ABIN DA YARO ZAI KAI MAƘWABTA

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman, mu da muke zaune a wannan gefen kogi. Ba mu manta da abin da ya faru a garin nan a watan Fabrairu da na Mayu na shekarar 2000 ba, da kuma Nuwamba ta 2002. An yi hasarar rayuka da yawa, Kirista da Musulmi. Bayan haka gari ya rabu, Kirista da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, Musulmi da yawa suka dawo arewa. A ran 28 ga Oktoba 2012 aka kai hari da bam a majami'ar Katolika ta Santa Rita da ke yankin Malali ana cikin sujada. Akwai masu jinmu yanzu da suke ɗauke da tabon waɗannan kwanaki a jiki ko a zuciya. Allah ya ta'azantar da ku.

Yaran da suke gidajenmu yau ba su ga waɗannan abubuwa ba, daga bakinmu za su ji. A wata unguwa yaronmu shi kaɗai ne a layinsu da ake yi wa Kirsimeti, 'yan'uwansa duk suna Sabon Tasha ko Barnawa ko Narayi. Yana kallonmu ya ga yadda muke yin bikin. In a ɓoye muke yi, da tsoro da gunaguni a kan maƙwabta, gādon da zai ɗauka ke nan. Ba mu ce a ɓoye wa yara tarihi ba, in sun yi hankali za a gaya musu, ba mu kuma ce a daina lura ba. Amma labarin da ya kamata ya fara shiga zuciyar yaro mai shekara 5 shi ne na Sarkin Salama.

A cikin surar nan ta Nehemiya 8, kafin a yi bukkoki, an umarci jama'a su ci su sha, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya. Dattawanmu a Kaduna sun san wannan al'ada. Da Salla kwanon abinci da nama yakan shigo gidan Kirista, da Kirsimeti kuma ya fita zuwa gidan Musulmi, yara ne kuwa 'yan aike. A wurare da dama al'adar ta yi rauni, amma ba ta mutu ba. Inda zumunci yake, mu riƙe shi. Inda ya yanke, ƙaramin yaro da kwanon cincin ɗin da ya taya murzawa yana iya ƙulla shi, in an raka shi ya yi sallama da ladabi ya ce, "Baba, Mama ta ce a kawo muku." Mu kula da abin da maƙwabcinmu yake ci da wanda ba ya ci, don kyautarmu ta zama abin karɓa. In an karɓa, mun gode Allah. In ba a karɓa ba, kada mu zagi kowa a gaban yaron.

Kada kuma mu manta da na cikin gida. A kowace ekklesiya akwai gwauruwa da 'ya'yanta suka yi nisa, akwai tsoho da ba ya iya fita, akwai marayu. Zumuntar Mata ta san su da sunayensu. Bari yaro ya zana kati da hannunsa, ko ya ƙera tauraro na biyu, a kai shi ya miƙa. A nan ne zai gane cewa hannun da Allah ya ba shi na bayarwa ne.

GA WAƊANDA HANNUNSU YAKE WOFI

Wataƙila akwai mai jinmu da take cewa, "Nawa yaron ba ya wurina." Yana wurin kaka a ƙauye, ko makarantar kwana, ko rabuwar aure ta raba ku. 'Yar'uwa, Hannatu ta san wannan zafi, gama sau ɗaya a shekara take ganin nata. Ba ta ce tun da ba ya gabana ba ruwana ba. Abin da take iyawa ta yi, Allah kuwa ya sa albarka. Ki yi naki, ko hula ce kika saƙa, ko wasiƙa, ki aika da addu'a. Akwai kuma wadda har yanzu take jira kamar yadda Hannatu ta jira, biki yana zuwa yana tsananta mata. Ubangiji yana ganin hawayenki. Yaran ekklesiya kuma suna bukatar hannunki, akwai waɗanda ba su da mai zama da su a tabarma.

Littafi Mai Tsarki bai gaya mana launin rigar Sama'ila ko kyanta ba. Abin da ya gaya mana shi ne yaron ya yi ta girma a gaban Ubangiji, yana samun tagomashi wurin Allah da wurin mutane, a gidan da 'ya'yan firist suka lalace. Ya kuma gaya mana Allah ya ba Hannatu waɗansu 'ya'ya maza 3 da mata 2. Mu ba mu da ikon ba yaranmu sabuwar zuciya, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Namu shi ne mu sa labarin Yesu a kunnensu da hannunsu tun suna ƙanana. Mu sayi abin da ƙarfinmu ya kai, kada mu ci bashin da zai hana mu salama a sabuwar shekara, sauran kuma mu yi shi da hannunmu tare da su.

Kai kuma mai sauraro da ba ka riga ka karɓi Yesu ba, ba za ka iya ba ɗanka abin da ba ka da shi ba. Jaririn nan da aka kwantar a komi shi ne ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Ka karɓe shi yau, domin ran da ɗanka ya tambaye ka ma'anar wannan biki ka amsa daga zuciyarka.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin yaran da ka ba mu amana. Mun gode domin Ɗanka da ka aiko cikin gidan talakawa. Ka ba iyaye haƙuri su zauna da 'ya'yansu, ka ba su amsa sa'ad da yara suka yi tambaya. Ka biya bukatar gidajen da ba su da abin biki a bana, ka tsare mu daga bashi da gasa. Ka ta'azantar da masu makoki da masu jiran haihuwa. Ka ba garinmu Kaduna salama, arewa da kogi da kudu da shi, ka sa yaranmu su girma su zama masu kawo sulhu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Ku karanta 1 Sama'ila sura 1 da 2 tare da iyalinku a wannan mako. Sai Allah ya sake haɗa mu, alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.